Motar Tahir Ba Ta Yi Kuka Ba

Shafi na 14

Tahir ya kai ƙarar Babakura gaban Bulama, mai unguwa. Aka sa zama ranar Litinin bayan la'asar.

Maganar ba ta da tsawo. Babakura, tsohon rewaya mai gyaran wutar mota a Bulabulin, shi ya ɗaura wa motar Tahir alam, na'urar da ke kuka idan ɓarawo ya taɓa mota. Ranar Juma'a, maza suna masallaci, ɓarayi suka ɗauke ta daga ƙofar gida a Lamisula, ba ta ce uffan ba. Bayan kwana biyu aka tsince ta a bayan gari, babu tayoyi, babu batir, babu fitilu. Tahir ya ce da hannun wanda ya ɗaura.

Shekara arba'in da ɗaya Babakura yana taɓa wayar mota. Ba a taɓa kiransa ɓarawo ba sai wannan makon.

Da hantsin Litinin ɗin yana zaune a rumfarsa, ba mota ko ɗaya a gabansa. Keke ya tsaya. Mace ta sauko, ta ja lafayarta ta rufe rabin fuska. Tun daga tafiyarta ya gane ta. Kaltum ce, matar Tahir, 'yar amininsa marigayi Mikail.

"Wushe, Baba," ta gaishe shi.

"Wushe. Me ya fito da ke?"

"Asibiti na ce wa Tahir zan je."

"To, tafi asibiti."

Ba ta tafi ba. Ta durƙusa gefen benci, kan ƙasar da baƙin mai ya jiƙa.

"Baba, yau zan faɗa masa."

"Ki faɗa masa me?"

"Cewa ni na danna."

Babakura ya dubi hagu da dama. Maƙwabtansa makanikai kowa ya duƙufa kan aikinsa, kamar yadda suke yi tun ranar Juma'a idan ya ɗaga kai.

"Rage murya."

"Kwana uku ban ci abinci ba. Ana zaginka a unguwa ina ji ta katanga. Jiya mahaifiyarsa ta ce tsufan banza ka yi."

"Ta faɗi nata."

"Baba..."

"Me mijinki ya rantse a kai?"

Ta shiga murza bakin lafayarta.

"Tambayarki nake."

"Ya ce wallahi duk wanda ya samu da hannu a ciki, ko uwar 'ya'yansa ce, ba za ta ƙara kwana a gidansa ba."

"A gaban wa?"

"A gaban kowa. A ƙofar gida."

"Kin taɓa ganin ya janye magana?"

"A'a."

"To ina za ki? Gidan ubanki da babu? Da yara uku?"

Ta sunkuyar da kai. Babakura ya kau da nasa, ya ɗauki wata tsohuwar waya yana feɗe ta, alhali ba abin da zai yi da ita.

Shekarunta goma sha huɗu ranar da ta kai wa Mikail abinci rumfarsa ta huluna, bam ya tashi a kasuwa. Mikail bai fita ba. Ita an tsince ta kwance tsakanin motoci, ko ƙwarzane babu a jikinta. Kowa ya ce Allah ya kiyaye.

Sai wata shida da suka wuce ta zo wannan rumfar ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ƙarar bam ɗin ba ta tuna ta. Abin da ya zauna mata a kai shi ne kukan motocin. Duk motar da ke wajen ta ɗauki jiniya lokaci guda, ita kuma tana kwance a tsakiyarsu tana kiran babanta.

Yanzu ga irin wannan kukan a bakin tagarta. Jirgin soja ya wuce ƙasa-ƙasa, motar Tahir ta yi ihu. Tifa ta wuce, ta yi ihu. Akuya ta goga jiki, ta yi ihu. Kaltum sai ta shige banɗaki ta cusa zane a baki har jikinta ya daina rawa. Tahir bai sani ba. Uwar mijin kuwa dama ta fara cewa yarinyar nan kamar tana da iska.

Babakura ya fara gwada Tahir. Ya ce masa ya kawo motar a rage mata ji. Tahir ya yi dariya ya ce shi so yake ko ƙuda ya sauka unguwa ta sani.

Shi ne Babakura ya nuna mata maɓallin ɓoye mai kashe alam ɗin. Idan mijin ya fita a ƙafa ya bar makulli, ta danna. Kafin ya dawo, ta mayar.

"Ni na nuna miki," in ji shi. "Ba ki ƙwace ba."

"Amma sunanka, Baba."

"Nawa ne. Ni zan ji da shi. Tashi."

"Idan suka rufe maka rumfa fa?"

"Kaltum, tun ubanki yana raye ban iya maimaita magana ba. Tashi ki tafi. Ki biya asibitin, kada ki zama maƙaryaciya."

Ta tashi. Ya bi keken da ido har ya sha kwana.

*

Zauren Bulama ya cika. An jawo motar an ajiye ta a ƙofa kan bulo huɗu, mutane sun kewaye ta kamar gawa.

Babakura ya zo da farar riga wankakkiya, da hular da yake zuwa Idi da ita. Ya cire takalmi, ya gaida Bulama, ya zauna. Bai gaida Tahir ba. Tahir ma bai ɗago ba.

Gefe guda ga Nasidi, rewaya ɗan Kano mai shago a Wulari, wanda ke duba mota da kwamfuta. Shi Bulama ya sa ya bincika motar, don kada a ce an yi son kai.

"Malam Babakura," in ji Bulama, "ni ko keke ban iya ba. Kafin a ce wane ya yi, a fara gaya mini abin nan yadda yake. Nasidi?"

Nasidi ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan akwati da ake kira..."

"Aikina ne," Babakura ya katse shi. "Ni zan faɗa."

"Bismillah."

"Ranka ya daɗe, ka ɗauka maigadi ne aka zaunar a cikin mota. Ƙwaƙwalwarsa ɗan akwati ne, bai kai tafin hannuna ba, yana can ƙarƙashin dashbod. Yana da ido, yana da kunne, yana da baki, yana da hannu."

"Duk a cikin akwatin?"

"A'a. Wayoyi ke kai masa labari. Ka san idan an buɗe ƙofar mota fitilar ciki takan kama?"

"Wannan na sani."

"To wayar da ke kunna fitilar nan, na ja reshe daga jikinta zuwa akwatin. Ƙofa huɗu, da but, da bonet. Ko wacce aka buɗe, ya gani. Idonsa ke nan."

"Idan ɓarawo ya fasa gilashi ya shiga ta taga fa?"

"Kunne. Wani ɗan abu ne da nake ɗaurewa a jikin ƙarfen sitiyari. Motsi yake ji. Ka ɗan taɓa motar, ya yi gyaran murya. Ka doke ta, ya fasa ihu. Yana da ɗan sukuru, a ƙara masa ji ko a rage." Ya dubi Tahir karo na farko. "Na ce a rage. Mai mota ya ƙi."

"Ba wannan ya tara mu ba," in ji Tahir.

"Baki fa?" Bulama ya tambaya.

"Jiniya. Tana cikin bonet. Wadda na sa masa tana da ɗan batir nata a ciki. Ɓarawo ya cire batirin mota don ya kashe ta, a lokacin ma za ta fi ihu."

"Ikon Allah. Saura hannu."

"Hannu shi ne babba. Na yanke wayar famfon mai, na bi da ita ta cikin akwatin. Muddin maigadin nan yana tsaye, ya riƙe wayar. Ka fasa wajen makulli, ka haɗa wayoyi, inji zai yi ta tari ba zai tashi ba. Babu mai."

"To mai mota ya yake shiga?"

"Rimot. Yana aika wa akwatin lamba. Duk dannawa sabuwar lamba, ta jiya ba ta aiki yau. Ka kulle, mota ta amsa sau ɗaya, jar fitila ta fara ƙyaftawa a dashbod. Ka buɗe, ta amsa sau biyu."

Wani dattijo daga baya ya ce, "Wannan ai ya fi maigadin gidana. Shi da an yi isha'i ya yi barci."

Aka yi dariya. Tahir bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, ka ji da bakinsa," in ji shi. "Ido, kunne, baki, hannu. To ranar Juma'a ina suka tafi? Masallaci?"

Bulama ya juya. "Nasidi, me ka gani?"

Nasidi ya sosa ƙeya. Ga alama ba ya son abin da zai faɗa.

"Ranka ya daɗe, ɓarayin ba su da makulli. Ƙofar direba ɓalle ta aka yi. Wajen makulli ma fasa shi aka yi. Amma wayoyin alam ko ɗaya ba a yanke ba. Jiniya tana nan lafiya. Gaskiya aikin Baba ne, ko ni sai da na yi awa guda kafin na gano inda ya bi da su."

"Awa biyu," in ji Babakura. "An gaya mini."

"To, biyu. Da na sa mata batir, jar fitilar nan ta kama. Amma ba ta ƙyaftawa. Tsaye take."

"Ma'ana?"

"Ma'ana an sallami maigadin, ranka ya daɗe. Akwai maɓallin ɓoye da ake sawa. Amfaninsa idan rimot ya ɓata, ko za a kai mota wanki ko gareji, kada ta dami mutane. Ana danna shi, ido ya rufe, kunne ya toshe, hannu ya saki waya. Mota ta zama kamar kowace mota."

Idanu suka koma kan Babakura.

Nasidi ya yi sauri ya ƙara, "Amma fa ranka ya daɗe, kayan yanzu ba su da tabbas. Ga zafin garin nan. Akwatin yakan rikice da kansa. Ko waya ta saki ta taɓa ƙarfe. Na sha gani." Ya dubi Babakura. "Ko ba haka ba, Baba?"

Babakura ya gane. Ƙofa ce yaron ya buɗe masa. Ya ce e, a ce tsautsayi ne, kowa ya tashi. Kaltum ta kwana a ɗakinta. Shi kuma gobe a ce aikin Babakura yana sakin waya.

Ya buɗe baki zai ce e. Kalmar ta ƙi fita. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa murɗa waya biyu ya naɗe da leda ba. Dalma yake narkawa ya haɗa kowace gaɓa.

"Ka ga wayar da ta saki?" ya tambayi Nasidi.

"Baba, ai cewa na yi yana yiwuwa..."

"Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Ban gani ba."

"To kada ka yi wa aikina ƙarya. Danna shi aka yi."

Nasidi ya runtse ido. Babakura kansa, maganar tana fita ya ji nauyinta ya sauka masa a ƙirji. Amma ta riga ta fita.

Tahir ya miƙe tsaye. "Alhamdu lillahi! Kun ji!"

"Zauna," in ji Bulama. "Malam Babakura, ɓarawo zai iya lalubo maɓallin nan?"

"A'a."

"Ko ƙwararre?"

"Wasu a ƙarƙashin sitiyari suke sawa, kowane ɓarawo ya san wajen. Ni ban taɓa sa shi waje ɗaya a mota biyu ba. Idan na gama, nakan kori kowa, in kama yatsan mai mota in ɗora a kai. Ni da shi. Kuma ko ka same shi, ba ya ji sai makullin motar yana ciki an murɗa."

"Kana nufin makulli na gaskiya."

"Na gaskiya."

"Tahir, kai ka danna?"

"Wallahi tun ranar da ya nuna mini ban ƙara taɓa shi ba. Ranka ya daɗe, ranar Alhamis motar nan a rumfarsa ta wuni, gyaran fitila. Makulli yana hannunsa. Ya danna, ya ba ni mota, ya gaya wa mutanensa. Me ya rage?" Ya juya ga Babakura, muryarsa ta karye. "Baba, kai ka ba da auren Kaltum a madadin mahaifinta. Ni ko a mafarki ban zaci haka daga gare ka ba. Motar nan da ita nake kai mahaifiyata asibiti. Me na yi maka?"

Babakura ya duƙar da kai. Ya san akwai tambaya guda wadda za ta wanke shi daga zancen Alhamis. Ya san ta tun ranar Juma'a. Ya zauna a kanta kwana uku. Yana addu'a kada ɗan Kanon nan ya tuno ta.

"Alhaji Tahir," in ji Nasidi a hankali.

"Nasidi, ka gama aikinka," in ji Babakura.

"Baba, bari in taimake ka."

"Ban nema ba."

"A bar shi ya yi magana," in ji Bulama.

"Alhaji, ranar Juma'a da safe ka fita da motar?"

"Na kai yara makaranta. Na dawo wajen ƙarfe tara."

"Da ka dawo ka kulle da rimot, ta amsa?"

Tahir ya gyaɗa kai.

"Ta amsa."

"Ka tabbata?"

"Sau ɗaya. Har maƙwabcina ya ce wannan mota taka ta fi ladan."

Nasidi ya buɗe hannuwa, fuskarsa ta washe. "To shi ke nan, ranka ya daɗe! Da tun Alhamis aka danna, da ba ta amsa ba. Ƙarfe tara na Juma'a maigadi yana tsaye. Baba kuwa yana Bulabulin, kowa ya gan shi. Ba shi ya danna ba."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce Allahu akbar. Dattijon nan na baya ya miƙo hannu zai gaisa da Babakura.

Babakura bai karɓa ba. Tahir yake kallo.

Tahir ya koma ya zauna a hankali.

"Daga tara zuwa sallah," in ji Bulama, "makullin yana ina?"

"A ɗakina. A rataye."

"Wa ke gidan?"

"Mahaifiyata. Ƙannena biyu." Ya rage murya. "Da iyalina."

Sai a lokacin murmushin Nasidi ya ɗauke. Ya dubi Babakura, ya dubi ƙasa.

"Ni ban nuna wa kowa ba," in ji Tahir. Yanzu ba ihu yake ba. "Ko ƙannena ba su san akwai shi ba. Mutum biyu suka san wajen. Idan ba ni na nuna ba..."

Bai ƙarasa ba.

Bulama ya gyara rawaninsa. "Malam Babakura, ka nuna wa wani?"

"Na nuna."

"Ɗan gidan?"

Babakura ya kau da kai.

"Da niyyar a sace motar?"

"Wallahi a'a. Ni da wanda na nuna wa, babu wanda ya san ɓarayin. Ka kawo Alƙur'ani in dafa."

"To don me?"

"Akwai dalili."

"Wane dalili?" Tahir ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. "Wane dalili zai sa ka shiga gidana ta bayana? Baba, na rantse a gaban mutane. Ko waye, yau zai bar gidan. Ina so in ji sunan."

"Ka yi kaffara," in ji Babakura. "Ka ciyar da mutum goma."

"Ba zan yi ba. Namiji ne ko mace?"

Babakura ya dubi bango.

"Malam Babakura, saurare ni," in ji Bulama. "Tare muka taso, ba na so in ga wulaƙancinka. Shugaban makanikai ya aiko mini tun safe. Idan ba ka fita daga maganar nan yau ba, gobe za su rufe rumfarka, su cire sunanka. Ni kuma dole in miƙa wa 'yan sanda, don ka amsa da bakinka ka ba da sirrin motar mutum. A shekarunka, za su sa ka a bayan kanta. Suna ɗaya kawai. Ka faɗa, ka ɗauki hularka ka tafi gida da mutuncinka."

Babakura ya dafa ƙasa ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya kakkaɓe farar rigarsa, ya tsaya sosai.

"Ranka ya daɗe, aika a kira 'yan sandan."

"Babakura..."

"Ba zan faɗa ba."